Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa na shekarar 2024: halin da layukan kasuwar tsakiyar garin Marwa, a ƙasar Kamaru, ke ciki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, shugabannin layuka da sauran 'yan'uwa mambobi, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi da sunanku cikin wannan shekara. Muna roƙon Allah ya gafarta wa mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kuma mayar da alheri ga waɗanda ambaliyar daminar bana ta yi wa ɓarna, musamman abokan cinikinmu na yankunan Yaguwa da Kuseri. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, zai karanta shi a babban taro, saboda haka ba a maimaita shi a nan ba.

Aikin farko da kwamiti ya sa a gaba shi ne zagaya layuka, shago bayan shago, tare da shugaban kowane layi, domin a rubuta waɗanda ke buɗe da waɗanda ke rufe da kuma dalilin rufewar. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yawan shagunan da ba a rufe su saboda karyewar jari ba, an mayar da su sito ne kawai. Mai shagon yana nan da ƙarfinsa, kuɗin hayarsa ba ya makara, amma ƙofar ba ta buɗuwa sai ranar da mota ta sauke kaya ko yaro ya zo ɗaukar dila. A wani lungu na layin 'yan yadi mun tarar da ƙofofin ƙarfe jere da juna, kwaɗunansu sun yi tsatsa, ledoji sun taru a bakinsu, sai dattijo guda a tsakiya ya baje shaddarsa yana jiran wanda zai ratso duhun ya iske shi. Hajiyar da ke sayar da abinci a bakin wannan lungu ta shaida mana cewa da can tukunyarta kan ƙare kafin azahar, yanzu kuwa ta rage awo, duk da haka takan koma gida da saura. Mai saye ba ya shiga layin da ya ga alamar babu kowa a cikinsa, kuma duk ƙofar da aka rufe tana rage wa maƙwabciyarta ciniki, tana rage wa ɗan dako da ɗan ga-ruwa da mai shayi abin kaiwa gida.

Wannan hali ya daɗe yana taruwa. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a watan Fabrairun 2013, bayan sun fito daga gandun dajin Waza, baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kuma dukawa da majema da masu sassaƙa su ne suka fara jin jiki. A 2014 rikicin Boko Haram ya tsayar da safarar Banki da Amcide da ke kan iyaka, hanyar da kayan Maiduguri suka saba bi su iso gare mu. Ranar 22 ga Yulin 2015 aka kai harin ƙunar baƙin wake a babbar kasuwa da unguwar Barmare, daga nan jama'a suka koyi gudun cunkoso da saurin komawa gida, wasu kuma har yau ba su sake sabawa da doguwar zama a kasuwa ba. Sai Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, gadar Palar da ke nan Marwa ita ma ta karye a daminar 2020, ga lalacewar hanyar Mora zuwa Kuseri da ta daɗe tana ƙara wa kaya tsada. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta zo da nata salon: kayan Najeriya sun yi araha ga mai riƙe da sefa, ta yadda duk mai ɗan jari zai iya saro atamfa ko takalma ta Mubi ya sayar a zaurensa, alhali baƙinmu na Najeriya da ke zuwa sayayya sun ga sefa ta fi ƙarfinsu.

Kwamiti ba ya ganin adalci ne a ɗora komai a kan waɗannan masifu. Gari ya faɗaɗa, musamman bayan kafa Jami'ar Marwa a 2008, unguwanni sun yi nisa da tsakiyar gari, kuma matar da za ta biya ɗan babur zuwa da dawowa don ta sayi sabulu da man gyaɗa ta fi gane ta saya a kantin bakin layinsu. An saba cewa kasuwa a kai miki dole, amma yau mai kaya na ɗaukar hoto ya saka a WhatsApp, a turo masa kuɗi ta Orange Money ko MTN, ɗan babur ya kai saƙo har ƙofar gida. Da yawa daga masu yin haka mambobinmu ne ko 'ya'yansu, kuma ba laifi suka yi ba, neman halal ne. Abin da muke ja a kai shi ne mutum ya kwashe cinikinsa ya kai unguwa, sa'an nan ya riƙe shagon bakin layi a kulle, ya hana wanda zai zauna a cikinsa.

Saboda haka mafi yawan ƙarfinmu a bana ya tafi ne kan buɗe ƙofofi. Dattawanmu sun zauna da masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, wasu a gidajensu bayan sallar isha'i, aka roƙe su ko dai su mayar da sito zuwa layukan baya inda mota ma ta fi samun shiga, ko su ba wani yaro gaban shagon ya kasa kaya a kan sharaɗin da aka rubuta a gaban shaidu. Wasu sun amsa nan take, wasu sun nemi a ba su lokaci, kaɗan kuma sun ƙi, bisa hujjar cewa sun taɓa ba da shago aka ci amanarsu. Wannan hujja gaskiya ce, shi ya sa ƙungiya ta amince ta tsaya wa duk yaron da ubangidansa ya sallama kuma shugaban layi ya shaidi halinsa. Waɗanda suka zauna ta wannan hanya an fara su da ɗan jari daga asusun adashi, ba tare da ruwa ba, kuma zuwa yanzu suna zubi a kan kari. A layin da aka fi samun haɗin kai, maƙwabta sun ce har sun fara ƙara sa'a guda kafin su tashi da yamma.

An yashe magudanan ruwa kafin saukar damina da gudummawar mambobi da ƙarfin matasanmu, kuma inda aka yashe ruwa bai shiga shaguna kamar bara ba. An ɗaura fitilu masu aiki da hasken rana a mashigai da lungunan da masu gadi suka nuna, domin ɗaukewar wuta a lokacin bazara na sa kasuwa ta watse tun kafin magariba. Batun gobara kuwa bai kwanta mana ba. Wayoyin lantarki da aka jona barkatai suna nan rataye a saman rumfuna, akwai kuma masu ajiye fetur na jarka kusa da kayan yadi, kuma hanyoyin da motar kashe gobara za ta bi tebura sun cushe su. An yi gargaɗi, an sake yi, amsar ba ta kai yadda ake so ba.

Game da 'yan tebur da ke bakin titi, wasu mambobi sun buƙaci mu nemi a kore su. Kwamiti bai bi wannan shawara ba, domin akasarinsu 'ya'yanmu ne da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu na kan iyaka, kuma jama'ar da suke tarawa ita ce ke gangarowa cikin layuka. Mun rubuta wa hukumomin da abin ya shafa cewa a ware musu wuri a cikin rumfunan da babu kowa, a kuma daidaita kuɗin wuri da rasit guda wanda kowa ya san adadinsa. An karɓi takardar, ana jiran amsa.

Dukawa sun fi kowa buƙatar a dube su. Aikin fata na Marwa sananne ne a faɗin Kamaru, amma masu hannu a sana'ar suna tsufa, yara kuma sun fi son hawan babur saboda kuɗinsa na zuwa kullum. An haɗa wasu daga cikinsu da matasa masu iya waya, aka ɗauki hotunan jakunkuna da takalma da matasan kai na fata, aka samu masu oda daga Garwa da Yawunde da Injamena. Cinikin bai yi yawa ba tukuna, sai dai an gindaya sharaɗin cewa duk kayan da aka sayar ta waya daga shago za su fita, kuma mai saye na cikin gari a shago zai karɓa, domin ƙafa ta riƙa shigowa.

A babban taro mai zuwa za a nemi amincewarku a kan abubuwa biyu: sanya wa'adi ga duk mamban da ke riƙe da shagon bakin layi a kulle kafin ƙungiya ta shiga tsakani, da ware wani kaso na kuɗin wata don gyaran wayoyin lantarki a hannun ƙwararren ma'aikaci guda da kowa ya yarda da shi. Ana roƙon shugabannin layuka su kawo wa magatakarda sunayen yaran da aka sallama waɗanda ba su samu wurin zama ba, kafin ranar taron.

Wassalamu alaikum.
Magatakarda, a madadin kwamitin gudanarwa.