Cin zarafi a wurin aiki ba sai an kai hannu jiki ba

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana a kan abin da ke cin ma'aikata da yawa a rai amma kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, wato oga ko abokin aiki ya riƙa neman mace da lalata a wurin aiki.

Yawancin mutane sun ɗauka sai an taɓa jikin mace ne abin ya zama cin zarafi, wallahi ba haka ba ne. Tun daga mesej ɗin tsakar dare da ba ruwansa da aiki, da yabon surar jiki a gaban mutane ana dariya, da "ki tsaya bayan an tashi akwai maganar da za mu yi", har zuwa ranar da za a fito fili a ce ƙarin girma ko sabunta kwantiragi yana hannunki in kin ba da haɗin kai, duk abu ɗaya ne. Idan ta nuna ba ta so sai a ce ai wasa ne, ta cika ɗaukar zafi. To wasan da mutum ɗaya ke dariya ɗayan kuma gabanta na faɗuwa duk safiya in za ta fito aiki, wane irin wasa ne wannan? Kuma maza ma ana yi musu, kunya ce ke hana su faɗa.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 a kan cin zarafi a wurin aiki a 2019, kuma abin da ya burge ni a ciki shi ne ba ta tsaya a cikin ofis kaɗai ba, ta haɗa da tafiyar aiki, da saƙonnin waya, da masu koyon aiki, har da wadda ta zo neman aikin ba a ma ɗauke ta ba tukuna. Binciken da ILO ta fitar a 2022 ya nuna kusan ma'aikata miliyan 205 a duniya sun taɓa fuskantar irin wannan, kuma cikin waɗanda aka ci zarafinsu a wurin aiki, kusan rabi ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

'Yar uwa, in abin ya same ki kar ki goge mesej ɗin don takaici. Ki yi sikirinshot ki ajiye a wani wuri da ba kwamfutar ofis ba, ki rubuta rana da lokaci da wanda ke wurin, domin ranar da magana ta tashi zai rantse bai san zancen ba. Ki ce masa ya daina, a rubuce in da hali. In kuma kina tsoron tunkararsa ba dole ba ne, ki kai ƙorafi a rubuce ga sashen kula da ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadagonku, ki riƙe kwafi. In ya kai ga taɓa jiki ko barazana, wannan maganar 'yan sanda da lauya ce.

Mu kuma abokan aiki, nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Muna gani muna kau da kai, in ta yi magana mu ne na farko wajen tambayar me ta saka, me ya kai ta ofishinsa. Shi fa oganta ne, in ya kira ta ta ƙi zuwa? Wanda ya ga abu ya yarda ya ba da shaida. Shugabannin ma'aikatu kuma su samar da hanyar kai ƙorafi da ba za ta bi ta teburin wanda ake ƙara ba, su daina yi wa wadda ta kai ƙara canjin wurin aiki shi kuma yana nan daram a kujerarsa.

Na gode Edita.
Daga wata ma'aikaciya mai karanta jaridarku.