Zuwa ga aminiyata da ke Ingila

Assalamu alaikum, aminiyata.

Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya sanyin can? Mu nan Kano sai godiya, zafi ne dai ya sako mu a gaba. Saƙonki ya iso, na ga kina tambayar yadda nake fama da ɗaliban aikin nas tun da na bar ɗakin haihuwa na koma koyarwa. To, gyara zama.

Karatu ba ya ba su wahala. Yaran nan akwai kai. Ki ba su sunayen ƙasusuwa ko lissafin ɗigon ƙarin ruwa, kafin gari ya waye sun haddace. Bakin gadon majinyaci ne ke tona musu asiri. Makon jiya ina zagaye da 'yan aji biyu a ɗakin mata, sai wata dattijuwa da za a yanke wa ƙafa saboda ciwon suga ta kama hannun ɗaya daga cikinsu, ta ce, "'Yar nan, don Allah faɗa mini gaskiya." Yarinyar ta zare hannunta, ta hau gyaran ledar ruwan da babu abin da ya same ta, ta ce, "Mama, ki bari likita ya zo." Da muka fito na tambaye ta me ta ji a ranta. Ta daɗe shiru, can ta ce, "Malama, kaina ne ke ciwo." Kuma ba ƙarya take yi ba, don na ga hannunta na rawa. Jikinta ya san an shiga wani hali, ita ce ba ta gane tsoro da tausayi ne suka haɗe mata ba.

Abin nan ashe an daɗe da sanin sa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Peter Sifneos, shi ya raɗa masa suna aleksitaimiya a 1973: mutum ya kasa gane abin da ke ransa, ya kasa faɗar sa, sai dai ya ji shi a ciki ko a kai ko a ƙirji. A 1994 wasu masana a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 20, wanda ya samu maki 61 zuwa sama ana ɗaukar yana da shi, kuma ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin goma haka yake. Ki duba aikinmu fa. Wadda ba ta iya karanta fargabarta ba, ina za ta karanta ta wani? Daga nan ake samun nas mai tsawa da nas mai gum da baki, mutane su ce wulaƙanci ne, alhali sau da yawa gudu take yi.

Sai dai ban yarda a kwaso takardar Toronto a raba wa yaranmu a ce an gama bincike ba. Yarinyar da aka rena da kunya da kara, wadda tun tana ƙarama ake ce mata "yi haƙuri, share hawayenki", tana iya sanin abin da ke damun ta sarai, ta ƙi furtawa gaban malama. Wannan daban, wadda ba ta ma sani ba daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Majinyatanmu ma haka suke. Kin tuna masu haihuwar fari da ke cije leɓe ba ko uffan? Ki ce wa mutum "Ya jiki?" ya ce "Da sauƙi", yana damƙe da ƙarfen gado, gumi na tsiyaya. Ɗaliba ta ji "da sauƙi" ta rubuta a fayil cewa ba shi da damuwa, ta wuce gado na gaba.

Muna koya musu ra'ayin Hildegard Peplau, wata nas 'yar Amurka, wadda tun 1952 ta ce jinya hulɗa ce tsakanin nas da majinyaci. Suna zuba ta a jarrabawa tiryan-tiryan, su ci maki, shi ke nan. Don haka yanzu duk ranar da muka dawo daga asibiti nakan tsare su minti goma sha biyar kafin a watse. Kowace ta kawo labarin majinyaci ɗaya, ta faɗi abin da ta ji a kansa, kuma na hana "ba komai" da "lafiya lau". Da farko dariya suka riƙa yi suna sunne kai. Ranar Talata wata ta ce haushin wani mai jinya ta ji, don ya tuna mata da kawunta da ya ƙi kai babarta asibiti. Ajin ya yi tsit, daga nan hannuwa suka fara tashi.

Ku a can na ji ana zama da ma'aikata bayan an rasa majinyaci. Ki rubuto mini yadda kuke yi, wa ke jagoranta, kuma ko ana sa ɗalibai a ciki, don ina so in kai wa shugabarmu maganar kafin sabon zango. Kilishin da kika ce, zan ba ƙaninki idan zai taso. Ki gaida maigida, ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum.