Zuwa ga masu buga wasanmu na waya, kan maganar ƙarshen labari

Assalamu alaikum.

Saƙonninku na WhatsApp da Facebook sun iso mu, har da na waɗanda suka tako ofis suka faɗa mana ido da ido. Koken biyu ne: ƙarshen wasan ya zo a guje, kuma hirar matakin ƙarshe ba ta yi kama da maganar mutanen Kano ba.

Na biyun ya fi tsaya mana a rai. Da yawanku kun ambaci wurin da yaron fatake, jarumin wasan, ya je wajen dattijon marina a Ƙofar Mata. Babu sallama, babu "Baba, sannu da aiki", sai ya ɓarke da dogon jawabi kamar mai karanta labarai a rediyo. Dattijon kuma, hannuwansa jiƙe da shuni, ya shiga maimaita abin da mai wasa ya sani tun daga kasuwar Kurmi. Dattijon birni ba ya zuba haka. Zai amsa gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, ya bar ka a tsugune ya ci gaba da tsoma yadinsa, can ya ba ka magana ɗaya ka tafi kana juya ta. Haka za mu sake rubuta hirar, mu sake ɗaukar murya. Za mu kuma saka wurin dannawa a tsallake ta, saboda mai bugawa karo na biyu.

Saurin kuwa, nauyin wasan ne ya jawo shi. Murya da bidiyo su ne ke cinye wuri a waya, data kuma ba ta da araha, shi ya sa tafiya daga Kurmi zuwa saman Dala ta koma ɗan gajeren bidiyo. Za ta dawo cikakken mataki da za ku buga da hannunku. Daban za a sauke shi, kyauta, don kada ya takura wa mai ƙaramar waya.

Akwai masu so yaron ya ƙwato dukiyar mahaifinsa. Ku yi haƙuri, wannan kam ba za mu taɓa shi ba, domin tun matakin farko labarin ya nufi ƙarshen da yaron ba zai ƙwato ta ba. A watan Maris na 2012 masu buga Mass Effect 3 sun yi ca a kan kamfanin BioWare na Kanada saboda ƙarshen wasan. A watan Yuni kamfanin ya fitar da ƙari kyauta, ya faɗaɗa hira da abin da ya biyo baya, amma bai rushe ginshiƙin labarin ba. A ganinmu sun yi daidai, kuma hanyar da za mu bi ke nan.

Mai son gwada sabon matakin kafin ya fita, ya turo mana samfurin wayarsa ta lambar da kuka saba. Mun fi buƙatar masu waya mai RAM giga 2, don idan ya tafi lafiya a kanta, zai tafi a kan sauran.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Ma'aikatan kamfani, Kano