A bar fensir ya fara, kwamfuta ta biyo baya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan batun shigo da kwamfuta azuzuwan firamare. Shekarata 19 ina riƙe da alli, kuma ba na gaba da na'ura.

Na taɓa samun wata yarinya a aji biyu da "b" da "d" suka hana ta sakat. Ta zo rubuta "baba" sai ka ga "dada". A waya kuwa ba ta kuskure, don na'urar na kawo mata kalmar tun ba ta ƙarasa ba, ita kuma sai ta dangwala. Mahaifinta har ya zo yi mini godiya, wai ta iya. Na miƙa mata fensir a gabansa, sai ga "dada" ɓaro-ɓaro. Makonni muka yi tana zana harafin da yatsa a iska, tana faɗin inda cikinsa ya dosa, kafin hannunta ya riƙe. Dannawa iri ɗaya ce ke fitar da kowane harafi a na'ura, amma da fensir kowanne da tafiyarsa, kuma tafiyar nan ce ke zama a kan yaro.

Ko Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa yara na'urori, a 2023 gwamnatinta ta juya akala zuwa littattafan takarda da rubutun hannu a ƙananan azuzuwa.

Inda na ga amfanin na'ura shi ne gyara. Ka ce wa yaro ya sake kwafe shafi guda saboda jimla ɗaya, ka ga yadda zai ɓata rai. To yanzu sukan fara rubuta labarinsu da fensir, in ɗauki hoton na mutum ɗaya in haska a bango, aji duka mu gyara tare, sannan su buga a kwamfuta, su matsar da jimla gaba ko baya ba tare da kuka ba. Sai dai a kula, in ba a nuna musu inda "ƙ" take ba, "ƙafa" za ta koma "kafa" har abada.

Roƙona ga masu tsara manhajar karatu: daga aji ɗaya zuwa uku a bar wa fensir mafi yawan lokacin rubutu, koyon bugawa ya shigo sosai daga aji huɗu, kuma a horar da mu malamai kafin a sauke mana kwalaye.

Naka,
Wani malamin firamare