Godiya ga ma'aikatan ɗakin masu tari na asibitin unguwarmu, su suka raba ni da sigari

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba mutumin dogon rubutu ba ne, sana'ata ɗinki, amma wannan maganar ta daɗe tana cina a rai kuma Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Godiya nake son miƙawa ga ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu a nan Kano, musamman ɗakin nan na can ƙurya inda ake karɓar kaki a kai gwajin tarin fuka, a cikinsu kuma musamman wata dattijuwa da kowa yake ce wa Hajiya Sista. Ta ce kar in sa sunanta, to ba zan sa ba, amma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar ɗakin nan ya san wadda nake nufi.

Shekara 21 na yi ina shan sigari. Na fara a 2003 ina yaron shago lokacin ana koya min sa maɓalli da guga, manyan shagon su aike ni wajen mai tebur in sayo musu kara biyu kara uku, in sun zuƙa sun rage guntu su miƙo min, da haka da haka har na zama ni ma ba na iya hawa keken ɗinki da safe sai na busa. Kuma wallahi ba wai ban yi ƙoƙarin dainawa ba, na yi rantsuwa ya fi a ƙirga, na taɓa murƙushe kwali guda a gaban mahaifiyata Allah ya ji ƙanta tana kuka ina kuka, kwana biyu tsakani na koma. Akwai ranar da toka ta faɗo min a kan shaddar wani bawan Allah mai tsada, ɗinkin aurensa, ta huda gaban rigar daidai aljihu, sai da na ranci kuɗi na biya shi yadi biyar, kuma a daren ranar ma sai da na sha saboda baƙin ciki. Maman yara tun tana magana har ta yi shiru, shirun nan kuwa ya fi min maganar ciwo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk inda na kai kukana ba wanda ya tsaya ya saurare ni. Wani kemis na yi shekaru ina zuwa wajensa da tari, kullum sai dai ya miƙo kwalbar maganin tari ya karɓi kuɗi, yana jin warin taba a bakina amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa komai ba. Na je wani asibitin kuɗi, na biya kuɗin kati na biya na ganin likita na zauna awa biyu, da na shiga mutumin nan ko ɗago kai bai yi ba yana ta latsa waya, ya ce kana shan taba? na ce eh, ya ce to ka daina, ya rubuta magani ya ce a turo na gaba. To in da dainawar da baki ce ai da tuni na daina, abin da na zo nema kenan, ta yaya ake dainawar. Har masu maganin nan da suke yawo da mota da lasifika na saya a wajensu, wani gari wai a zuba a shayi sai ka tsani taba, gudawa kawai na yi ta yi kwana uku.

A hunturun 2024 tari ya kama ni wanda ban taɓa yin irinsa ba, ya haura sati uku, da daddare ba barci, ga rama. Wani maƙocina ya ce tarin da ya wuce sati biyu ba a wasa da shi, in je asibitin unguwa gwajin tarin fuka kyauta ne. Gaskiya da fargaba na tafi, kuma na riga na shirya ma wulaƙanci don na san yadda ake yi wa talaka a irin wuraren nan. Aka ba ni ɗan roba aka ce in fita waje inda iska take in yi kaki a ciki, na kawo, ba wanda ya ce in ba da ko sisi. Da sakamako ya fito aka ce ba tarin fuka ba ne na yi hamdala na miƙe zan kama gabana.

Sai Hajiya Sista ta ce ɗana dawo ka zauna, ba mu gama ba. Ta jawo kujerarta ta matso kusa, ta kalli leɓena ta kalli yatsuna biyun nan da suka yi rawaya, ta ce kara nawa a rana? Na ce biyar. Ta yi murmushi ta ce ni ba Hisba ba ce ba kuma uwar matarka ba, faɗa min gaskiya in san ta inda zan taimake ka. Na sunkuyar da kai na ce 15, ranar da aiki ya yi yawa kwali guda. Ba ta yi salati ba, ba ta taɓe baki ba, ta juya bayan katina ta ce to a wane lokaci da wane lokaci kake sha, muka yi ta lissafi tana rubutawa, bayan shayin safe, bayan cin abinci, in an ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, in mai kaya ya zo ya yi min faɗa, sai kuma majalisa bayan isha'i. Wallahi shekara 21 ban taɓa lura cewa abin yana da lokuta ba sai ranar.

Ita ce mutum ta farko da ta yi min bayanin abin da yake faruwa a jikina. Ta ce sinadarin nikotin da yake cikin taba in ka zuƙa cikin daƙiƙa kamar 10 ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa jiki yake saurin sabawa, ba wai kai lalatacce ba ne ko mara imani. Ta ce in ka daina kwana ukun farko su ne masu wuya, za ka ji ciwon kai da saurin fushi da rashin barci, daga sati biyu zuwa huɗu abin zai dinga sauka, kuma kar ka tsorata in tarin ya ƙaru da farko huhu ne yake wanke kansa. Sha'awar kuma in ta taso kamar hadari ne, minti biyar minti goma ta wuce ko ka sha ko ba ka sha ba, aikinka kawai ka samu abin da za ka yi a mintunan nan, ka sha ruwa, ka tauna asuwaki ko kanumfari, ka tashi daga kan keken ka zaga, ka yi alwala. Sannan ta yi min wata tambaya da har yau nake tunawa, ta ce kana azumi? Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce to mutumin da yake iya haƙura daga asuba zuwa magariba kwana 30 a jere duk shekara, wa ya ce masa ba zai iya ba? Daren kawai ya rage mana. A nan muka tsayar da rana, 1 ga Ramadan, wanda ya kama Litinin 11 ga Maris 2024.

Kuma ba ta bar ni ni kaɗai da abin ba, nan ne na ga bambanci. Ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka zo min da maman yara. Da muka je tare da ƙaramar 'yarmu mai asma ta zaunar da maman yara ta ce ƙanwata hayaƙin nan da yake maƙale a kayansa da ɗaki yana taɓa ƙirjin yarinyar nan, amma ba don ki yi masa gori na faɗa ba, sati biyun farko zai yi ta faɗa ba dalili ki yi haƙuri ba shi ba ne, ki ajiye masa dabino da ruwan sanyi da shan ruwa, kar ki bar shi ya fita nan take bayan buɗa baki don lokacin ne hannu yake tafiya aljihu. Ta sa na gaya wa 'yan majalisarmu, ta sa na je da kaina wajen mai teburin da nake saya na ce ko na zo ina roƙo kar ya sayar min, shi ma Allah ya saka masa ya riƙe amana duk da cinikinsa ne ya ragu. Ta ce in samu asusu kullum in jefa kuɗin tabar ranar. Sannan ta karɓi lambata, da katinta take kirana, ran farko, ran uku, ran bakwai, ba dogon zance, ɗana ya jiki, yau kwana nawa? Har yaron ɗakin kati in ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce Oga tela kwana nawa yau, in faɗa, masu gadi su ce barka.

Ba zan ɓoye ba na zame sau ɗaya. Daren 24 ga azumi, duk tela ya san goman ƙarshe, kaya sun taru har rufi, ga zafin shekarar 2024 da kowa ya shaida, ba wuta, janareta ya ƙi tashi, wani ya zo ya zazzage ni a gaban yarana saboda kayan sallar 'ya'yansa, wajen ƙarfe biyun dare na karɓi kara ɗaya a hannun wani mai wucewa na shanye. Kunya ta hana ni ɗaga wayarta kwana biyu. Rana ta uku ina kan keke sai ga ta a ƙofar shago da yadin jikanta a leda wai ta kawo ɗinki, alhali ta san ba telan da yake karɓar aiki a wannan lokacin. Ta kalle ni kawai ta gane. Ta ce kara ɗaya bai goge kwana 23 ba, wanda ya yi tuntuɓe ai ba ya komawa gida ya sake faro tafiya, me ya faru a daren? Na ba ta labari ta ce to yanzu mun san daren aiki shi ne maƙiyinka, ka ajiye goro da ruwa kusa da keke kuma kar ka ƙara kwana a shago kai kaɗai. Tun daga daren nan har yau da nake wannan rubutu ban ƙara sa sigari a bakina ba, an haura shekara. Tarin ya tafi, ina jin ɗanɗanon miya, yarinyata ta dawo tana hawa cinyata ba ta kawar da kai, asusun kuma da na fasa shi da babbar sallah shi ya biya kuɗin Islamiyyar yara uku har da canji.

Abin da nake tambaya shi ne me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki a ƙasar nan? Matar nan ba ta ba ni wani magani mai tsada ba, lokacinta ta ba ni da mutuntawa, abin da na kasa samu a inda na biya dubbai. Mutum nawa ne suke shiga asibiti kullum da warin taba a jikinsu a rubuta musu magani su fita ba wanda ya tambaye su ko suna son dainawa? An ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, a cikinsu har da waɗanda ba sa sha hayaƙin wasu kawai suke shaƙa, amma a nan mai shan sigari ko dai a zage shi a kira shi ɗan iska ko a ƙyale shi, ba tsaka-tsaki. Tun 2015 aka sa hannu a dokar taƙaita taba a Najeriya, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaiɗai, ku fita bakin titi yanzu ku gani ko akwai teburin da ba a sayar da kara, kuma har gobe yara ake aika su sayo kamar yadda aka aike ni. Hotunan ban tsoro da aka fara sawa a jikin kwali a 2021, wanda yake sayen kara biyu ina zai ga kwalin ma? Ga shisha ta shigo samari da 'yan mata suna ganin ita ba taba ba ce. Su kuma masu aikin tsakani da Allah irin waɗannan, ɗakinsu ko fanka mai aiki babu, bencin da marasa lafiya suke zama ƙafa ɗaya da bulo aka tokare shi. Dan Allah hukumomin da abin ya shafa ku leƙa irin waɗannan ɗakunan ku ga masu yi muku aiki.

Hajiya Sista, Allah ya saka miki da alheri, ya ji ƙan mahaifanki, ya raya miki zuri'a, ya sa ki gama da duniya lafiya. Yaron ɗakin kati da masu gwaji da masu gadi da masu shara ku ma Allah ya biya ku. Maman yara da 'yan majalisa da mai tebur na gode.

Satin da ya wuce na kai musu labule guda biyu da na ɗinka wa tagogin ɗakin don na san kuɗi ba za ta karɓa ba, shi ma sai da muka yi ta ja kafin ta yarda a rataya. Ina shirin fitowa ta nuna min wani matashi a kan benci yana ta juya ɗan robar kaki a hannu, direban adaidaita ne, ta ce ɗana in ba ka sauri zauna kusa da ƙaninka ka gaya masa yadda kwana ukun farko suke. Na zauna muka yi hira har aka kira azahar, yanzu lambarsa tana wayata, jibi zai cika sati.

Naku,
wani tela daga Kano