Zuwa ga malamin da ya ce na saci macijin Nokia

Malam, a bainar jama'a ka yi tambayarka, a nan kuma zan amsa maka. Ka ce mene ne sabo a wasana na waya, mai nuna maciji a tsakar ɗaki ta kyamara, in ba macijin Nokia ne na sato na shafa masa kyamara ba? Ka ƙara da cewa jadawalin maki ɓata wa yara lokaci ne. Wannan ba zan tsaya kanta ba, don ban ɗaure wa kowa waya a hannu ba.

Kalmar sata ce ta tsaya mini a maƙogwaro. Macijin da kake wa lauya, a 1997 Nokia ta sa shi a wayarta 6110. Tun 1976 kuwa akwai wasan Blockade na kamfanin Gremlin, inda layi ke ta tsawo, ɗan wasa na gudun karo da shi. To ita ma Nokia ɓarauniya ce ke nan? Ban ɗauki sunansu ba, ban ɗauki zanensu ba, kuma ban taɓa ɓoye cewa kewar wayar Nokia 3310 ce ta zaunar da ni kan wannan aiki ba.

Shafa kyamarar da ka raina, Allah ya ja zamaninka, ita ta cinye mini watanni. Kafin maciji ya sauka a tsakar ɗakinka, sai ARCore, manhajar Google mai gane fili ta kyamara, ta gano inda ƙasa take, tana bin 'yan tabo da zane-zanen da kyamara ke gani. In ɗakin da duhu, ko tayil ɗin sumul yake yana ƙyalli, sai lissafin ya kwance, maciji ya zame ya shige bango. A 3310 filin kowa ɗaya ne, allo mai ɗigo 84 a kwance, 48 a tsaye. A nan wani ɗakinsa ƙuƙut, wani a makeken falo yake. Ta yaya za a gwada makinsu? Dole na ƙayyade fili, mita biyu kowane gefe, na sa agogo ya tsaya duk sanda waya ta rasa ƙasa. Kuma waya ba ta aiko mini da maki. Motsin ɗan wasa take aikowa, kwamfutar da ke riƙe da jadawali, wato saba, ta maimaita wasan ta ƙirga da kanta, don kada wani mai wayo ya rubuta wa kansa miliyan. Tun da wasan Asteroids ya bar mutane su sa haruffa uku na sunansu a jadawali a 1979, abin da ke hana gasa lalacewa shi ne kowa ya yarda ba a yi maguɗi ba.

Abin da ke ba ni mamaki, wanda ya fito ya ce zai gina abin da zai binne shahararren wasan kyamara Pokémon Go, alhali ban da fosta ba shi da komai, shi kuke yi wa tafi. Wanda ya gama ƙaramin abu mai aiki, shi ake kira ɓarawo. Na kuma lura tambayar taka ta zo daidai makon da kake tallar kwas ɗinka na haɗa wasanni, amma ƙila dacewa ce kawai.

Na duba jadawali sama da ƙasa, ban ga sunanka ba. A buɗe yake. Ka kunna fitila, in tayil ɗinka na ƙyalli ka shimfiɗa kafet.