Rahoton ayyukan shekara zuwa ga 'yan ƙungiya

Assalamu alaikum malamai, iyaye da 'yan'uwa. Ga rahoton bana, ni kaɗai na rubuta shi don kwamitin da anka naɗa bai zauna ba har yau.

Taron wata-wata an yi, ban da na azumi.

Abin da za mu ɗaga kai da shi bana shi ne bitar da munka yi wa malaman firamare lokacin hutu, wallahi ban zaci aji zai cika haka ba, har daga Wamakko da Kware da Boɗinga an zo duk da zafin da aka yi. Malamar da ta jagoranta ko kuɗin mai ba ta karɓa ba, Allah shi saka mata. Ta fara da Abraham Maslow, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, da ya jera buƙatun ɗan Adam hawa-hawa a 1943, ci da sha da barci a ƙasa, sannan tsaro, sannan ƙauna da mutunci, ta ce yarinyar da ta gama tallar koko ta shigo aji ba ta karya ba kai kuma ka tare ta da lissafi da tsawa, wa ka koyar? Sai ta kawo abu ukku na Carl Rogers, shi ma masanin halayyar ɗan Adam: malami ya ji damuwar yaro kamar tashi, ya mutunta shi ko ya yi laifi, kuma kar ya yi fuska biyu. Daga nan anka yi gwaji, wani hedimasta ya zama ɗalibin da ya makara, wata malama ta tsare ƙofa, sharaɗin kawai ta tambayi dalili kafin ta taɓa bulala. Hannunta sai da ya kai ga bulalar, aji ya kwashe da dariya, ita ma ta ce sabo ne. Wani dattijo ya tuna mana Nana Asma'u da jajis ɗinta, matan da ta horar su koyar da mata a ƙauyuka, cewa horar da malami ya iya zama da mutane ba baƙon abu ba ne a garin ga.

Masu tambayar ina zagayen makarantun ƙauye da littafin jagora na Hausa, amsa ita ce asusu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya wuce yadda munka tsara, littafin kuma an gama rubutawa yana cikin kwamfuta, mai bugawa ya ce sai an ba da rabi. Kuɗin wata fa ba su shigowa. Wasu sai ranar raba satifiket ake ganinsu, a guruf ɗin WhatsApp kuwa su ne kan gaba wajen ba da shawara, in ka kira waya a ce maka albashi bai shigo ba, to ni ma albashin nake jira.

Mai bashi ya samu ma'aji kafin ƙarshen wata, akwai rasit. Zaɓe na taro mai zuwa, don Allah a nemo wani sakataren.